Ƙwayar shinkafa ɗaya, gida sittin da huɗu: asalin wata ƙasaitacciyar lamba

A Aboabo, nan Kumasi, akwai wani benci gefen mai shayi inda dattawa ke buga dame bayan isha'i har sai mai shayin ya fara kife kofuna. Kawuna ba ya fashi. Ya fi shekara talatin yana auna shinkafa da masara a kasuwa, kuma har gobe in ya ce maka "miliyan ɗaya" to sidi ɗari yake nufi. Tun da aka datse sifili huɗu daga kuɗin Gana a watan Yulin 2007 hannunsa ya karɓi sabon kuɗin, amma bakinsa ya ƙi. Wanda ya saba ƙirga miliyoyi kafin azahar, babbar lamba ba ta razana shi.

Shi ya sa wani dare na ɗauko masa tsohon labarin nan na allon shaɗaranji, wasan da yanzu ake kira ces. Ibn Khallikan, alƙali kuma masanin tarihi da ya rasu a 1282, yana cikin waɗanda suka kawo labarin. Wai wani mai hikima a Indiya ya ƙago wasan, sarki ya ji daɗi ya ce ya faɗi tukuicinsa. Sai ya ce a sa masa ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko na allon, biyu a na biyu, huɗu a na uku, a yi ta ninkawa har gida na 64. Sarki ya raina roƙon, sai da ma'aji suka zauna lissafi aka ga ɗan hakin da aka raina ya tsone ido. Ni dai na mayar da alkamar shinkafa, don ita Kawu ya sani.

"Ɗana, in ya yi yawa buhu ashirin," in ji shi.

Na ari biro na rubuta masa a bayan kwalin sukari:

18,446,744,073,709,551,615

Alƙaluma ashirin ke nan jere. In ana son a faɗe ta da baki, biliyan sau biliyan ce har sau goma sha takwas da 'yan kai. Tun wajen shekara ta 1000 masanin lissafi da taurari al-Biruni ya fitar da ita daidai, babu kwamfuta babu kalkuleta. A ɗauka ƙwayar shinkafa arba'in ke yin giram ɗaya: tarin zai haura tan biliyan 460, wato buhu mai kilo 50 sama da tiriliyan tara. A raba wa mutanen Gana miliyan 30.8 da ƙidayar 2021 ta samu, kowa har jariri zai tashi da buhu kusan dubu ɗari uku. Duniya gaba ɗaya tana noman shinkafar da ta ɗan haura tan miliyan 500 a shekara, ka ga noman kusan shekara ɗari tara ke nan. In kuwa 'yan Gana duka suka zauna ƙirga ƙwayoyin, kowa ƙwaya ɗaya a daƙiƙa, ba barci ba cin abinci, sai sun shafe kimanin shekara dubu goma sha tara.

A nan galibi ake tsayawa da labarin, a yi salati a watse. Kawu bai yi salati ba. Ya ƙura wa kwalin ido, ya ce, "To tana rabuwa uku?" Su uku ne ke haɗa jari, kuma a wurinsa duk kayan da ba su rabu uku ba fitina ce ke tafe. Na daɗe ina tunanin wannan tambaya, domin ita ce ainihin tambayar masana lissafi. Yawan lamba abin mamaki ne na minti biyar, daga nan ba ya ƙara maka komai. A zango, baƙo in ya sauka mai masauki kan tambaye shi daga ina yake, ɗan gidan wa ne, don daga nan ake sanin yadda za a zauna da shi. Lamba ma tana da gida da dangi, kuma duk ajin da masana ke jefa ta a ciki daga asalin nan yake fitowa.

Mu fara da yadda aka haife ta. Gida ɗaya da biyu sun ba da 3, saura ɗaya su kai 4 da ke gida na uku. A ƙara 4 an sami 7, saura ɗaya a kai 8. A ƙara 8 an sami 15, saura ɗaya a kai 16. Haka abin yake tafiya har ƙarshe: jimillar duk gidajen baya kullum ƙwaya ɗaya take rage mata ta kamo gidan gaba. Saboda haka ba sai an tara lambobi 64 ba. A jera biyu-biyu guda 64 a ninka su da juna, a cire ɗaya, shi ke nan. Gidan ƙarshe shi kaɗai yana da 9,223,372,036,854,775,808, ya fi gidaje 63 da ke bayansa a haɗe da ƙwaya guda tak. Duk lambar da ta fito ta wannan siga, ninkin biyu a cire ɗaya, ana jingina ta ga Marin Mersenne, wani malamin coci a Faransa da ya rasu a 1648. Wannan shi ne sunan zuriyarta.

Tambayar Kawu ba ta buƙatar dogon lissafi. Lambar ta ƙare da 5, don haka mara ce, ba cika ba, kuma tana rabuwa biyar. A tara alƙalumanta ashirin ɗaya bayan ɗaya za a sami 87, shi kuwa 87 yana rabuwa uku, ba ya rabuwa tara, to ita ma haka. Kason kowane ɗaya cikin ukun 6,148,914,691,236,517,205 ne, babu ko ƙwaya a ƙasa. Da a ce gado ce aka kai wa malaman rabon gado na unguwar Asawase, sulusi kaɗai zai fita lafiya. Rabi ya bar ƙwaya ɗaya, rubu'i ya bar uku, tumuni ya bar bakwai. Ku riƙe bakwai ɗin nan, za mu dawo kansa.

Akwai lambobin da ba a iya kasa su daidai sai dai a ba mutum ɗaya duka, ko a ba kowa ɗaya-ɗaya: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17 da sauransu. A makaranta firaim ake ce musu, ni kuwa a wajen mai shayi ƙi-rabo nake kiran su, kuma sunan ya zauna. Su ne kakannin lambobi. Kowace lamba da ta wuce ɗaya, ko dai ita kanta ƙi-rabo ce, ko kuwa an same ta ne ta ninka waɗansu ƙi-rabo da juna, kuma ta hanya guda kawai. 60 ita ce 2 sau 2 sau 3 sau 5, ko ta ina ka ɓullo mata nan za ka tsaya. Tushen wannan magana yana cikin aikin Iƙlidis na Iskandariyya, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. Tamu lambar kakanninta bakwai ne:

3 × 5 × 17 × 257 × 641 × 65,537 × 6,700,417

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne biyar daga cikinsu a kan allon suke kwance, ana iya tono su da ido. A haɗa gidajen biyu-biyu: 1 da 2 sun ba da 3, 4 da 8 sun ba da 12, 16 da 32 sun ba da 48. Kowane haɗi ninkin 3 ne, kuma tunda gida 64 sun haɗu biyu-biyu babu saura, jimillar dole ta rabu uku. A haɗa su huɗu-huɗu, 15 ke fitowa, wato 3 sau 5. A ɗauki layi guda na gida takwas, jimillarsa 255, wato 3 sau 5 sau 17, kuma kowane layi ninkin na bayansa ne sau 256. Layi biyu a haɗe 255 sau 257 ne, wato 65,535. Rabin allo, layi huɗu, 65,535 sau 65,537 ne, wato 4,294,967,295. Allon gaba ɗaya kuwa wannan rabin ne sau 4,294,967,297.

Da wannan dabarar ake gane waɗanda ba dangi ba ma. Me ya sa 7 ba ta cikin jerin? Domin 7 jimillar gida uku ce, 1 da 2 da 4, su kuwa gida 64 ba sa haɗuwa uku-uku. A ware gidan farko gefe, sauran 63 su haɗu rukuni 21, kowane rukuni ninkin 7. Me ya rage? Ƙwaya ɗayan nan ta gidan farko. Mutum bakwai in suka raba tarin, a kan ƙwaya guda za su yi rigima, kuma mun san haka ba tare da mun taɓa alƙaluman nan ashirin ba.

Yanzu a dubi jerin da ya fito: 3, 5, 17, 257, 65,537. A cire wa kowace ɗaya, sai ga 2, 4, 16, 256, 65,536, kowace ta baya ce aka ninka a kanta. Duka biyar ɗin ƙi-rabo ne. Pierre de Fermat, lauya ɗan Faransa wanda lissafi ya zame masa abin hira, ya lura da haka, kuma a wasiƙunsa na 1640 ya nuna ya gamsu cewa duk 'yan wannan jeri haka suke har abada. Ta shida a jerin ita ce 4,294,967,297 ɗin nan da ta rage mana. Da maganarsa ta tabbata, da kakannin lambarmu shida ne cif, 'yan ɗaki ɗaya. Kusan shekara casa'in da biyu ba wanda ya karya zancen, sai a 1732 Leonhard Euler, ɗan Suwizalan mai shekara 25 da ke aiki a Rasha, ya nuna cewa lambar 641 ce sau 6,700,417. Kama da wane ba wane ba ce. Abin ya ma fi haka muni ga Fermat, don daga ranar zuwa yau ba a sake samun ko ɗaya a jerin nan da ta zama ƙi-rabo bayan 65,537 ba.

Wannan shekara ta 1732 tana sa ni ɗan tsayawa. A cikinta ne wani malamin Katsina, Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, ya rubuta aikinsa a kan hatimin lambobi, irin murabba'in da kowane layi, tsaye ko kwance ko a karkace, ke ba da jimilla ɗaya. A Alƙahira ya rasu a 1741. Yaranmu na zango kan ɗauka irin wannan wasa da lambobi kayan Turawa ne da suka zo da boko, alhali masu allo da tawada sun daɗe a cikinsa.

Ta yaya Euler ya faɗa kan 641 cikin dubban lambobi? Ba laluben duhu ya yi ba. Hanyar da ya bayyana daga baya ita ce, duk ƙi-rabon da za ta iya raba wannan lamba dole ta zama ninkin 64 da ɗaya a kai. Nan take masu neman kujera suka ragu: 193, 257, 449, 577, 641. Ta biyar ta shiga. Akwai kuma wata gajeriyar hujja da aka samu bayansa, wadda ɗan kasuwa zai fi saurin kamawa, don lissafin bashi ce. A ce muna zuba kaya a buhuna masu cin 641, muna lura da abin da ya yi saura ko ya gaza kawai. 5 sau 128 ya ba da 640, wato buhu guda da bashin ɗaya. A ninka wannan a kansa har kashi huɗu. Bashi sau bashi riba ne, kamar yadda aka koya mana a aji, don haka sakamakon cikakkun buhuna ne da rarar ɗaya. Shi wannan sakamako 625 ne sau biyu-biyu guda 28. To amma 625 kanta buhu ce da bashin 16, tunda 625 da 16 ne suka yi 641, kuma 16 biyu-biyu ce guda huɗu. In an musanya, sai a ga biyu-biyu guda 32 sun tsaya a cikakkun buhuna da bashin ɗaya. A ƙara musu ɗaya, buhun ƙarshe ya cika. Duk sirrin yana ga cewa 641 tana da fuska biyu, 640 da 1, kuma 625 da 16.

Biyar ɗin farko suna da wani aiki da ba wanda ya zata. A 1796 Carl Friedrich Gauss na Jamus, bai cika shekara 19 ba, ya gano ana iya raba da'ira gida 17 daidai da kamfas da rula kawai, abin da ya gagari mutane tun zamanin Iƙlidis. Ƙa'idar da ta fito daga nan ita ce, in adadin gidajen mara ne, rabon ba ya yiwuwa sai in an gina adadin da ƙi-rabon Fermat, kowace sau ɗaya. Jimillar rabin allonmu, 4,294,967,295, ita ce mara mafi girma da aka san ta cika wannan sharaɗi. Ta cikakken allo ba ta cika shi ba, 641 ta ɓata mata takarda.

Da zarar an san kakanni, sauran bayanai zubowa suke yi. Cikin bakwai ɗin babu wadda ta zo sau biyu, ba kamar 60 da 2 ta maimaitu a cikinta ba. Masana na ware irin waɗannan a aji guda, na lambobin da babu wani murabba'i, kamar 4 ko 9 ko 25, da ke raba su. Nawa ne adadin lambobin da ke raba ta daidai? Kamar mai haɗa yaji ce da kayan ƙamshi bakwai a gabanta, kowanne ko ta zuba ko ta bari. Zaɓi biyu sau bakwai, 128 ke nan, har da haɗin da ba a zuba komai ba, wato 1, da wanda aka zuba duka, wato ita kanta lambar. Ga duk girman nan nata, 128 kacal. Daga 1 zuwa 100 bakwai ne kawai ke raba ta: 1, 3, 5, 15, 17, 51 da 85. A kwatanta da 720,720, 'yar ƙaramar da ba ta kai miliyan ba, amma masu raba ta 240 ne, kuma duk wata lamba daga 1 zuwa 16 tana shiga cikinta. A idon mai rabon kaya, ƙaramar ta fi babbar albarka nesa ba kusa ba.

Daga nan sai wani tsohon rabe-rabe da Girkawa suka fara, Nikomakus ya tsara shi wajen shekara ta 100, Sabit ibn Ƙurra ya mayar da shi Larabci a Bagadaza kafin rasuwarsa a 901. Ana tara duk masu raba lamba, ban da ita kanta, a ga inda jimillar ta tsaya. Na 12 su ne 1, 2, 3, 4, 6, jimilla 16, ta haura, Larabawa suka ce za'id, mu ce mai rara. Na 8 su ne 1, 2, 4, jimilla 7, ta gaza, naƙis ke nan, mai giɓi. Na 6 kuwa 1, 2, 3, jimilla 6 daidai wa daida, ita ce tamm, kammalalliya. Akwai ma masoya, irin 220 da 284, da masu raba kowace ke tara ɗayar, har Ibn Khaldun ya ambaci yadda masu ɗalasimai ke aiki da su don haɗa zukata. Wannan fannin na bar wa masu shi.

Tamu fa? Mai giɓi ce, kuma giɓin ba kaɗan ba. Manyan masu raba ta su ne sulusinta, da kashi ɗaya cikin biyar, da ɗaya cikin 15, da ɗaya cikin 17. Daga nan sai su yi ta ƙanƙancewa da sauri. A tara duka 127, kimanin kashi 70 cikin ɗari na lambar za su kai. Rashin 2 a cikin kakanni shi ya jawo, don wanda ba shi da rabi da rubu'i da wuya ya tara abin da zai haura kansa. Lambobin cika tun daga 12 suke fara rara, amma mara ta farko mai rara sai an je 945.

Maƙwabciyarta ta gaba, wadda ta fi ta da ƙwaya ɗaya, wani gida ce dabam. Kakanta ɗaya ne tilo, 2, an maimaita shi sau 64. Masu raba ta su ne 1, 2, 4, 8 har zuwa ita kanta, kuma in aka cire ta, waɗanda suka rage su ne gidajen allon nan 64 ba ƙari ba ragi. Ke nan jimillarsu ita ce lambarmu. Maƙwabciyar giɓinta ɗaya ne tak, ta kusa kammala ba ta kai ba, kuma lambarmu ita ce shaidar hakan. Katanga ɗaya ta raba su, amma babu kaka ko ɗaya da suka haɗa, kuma haka duk lambobi biyu da ke jere suke.

Su kansu kammalallun a kan allon ake haƙo su, kuma Iƙlidis ne ya nuna hanyar. Kana tafiya gida-gida kana tara jimilla. Duk inda jimillar ta zama ƙi-rabo, ka ninka ta da ƙwayoyin gidan da kake tsaye. A gida na biyu jimilla 3, gidan na da 2, an sami 6. A na uku 7 sau 4, an sami 28. A na biyar 31 sau 16, 496. A na bakwai 127 sau 64, 8,128. Euler ya tabbatar duk kammalalliyar da take cika ta wannan ƙofa take fitowa, ita kuwa kammalalliya mara har yau ba a ga ko ɗaya ba, ba a kuma tabbatar babu ita ba. Gida tara ne kawai cikin 64 ke ba da jimilla ƙi-rabo: na 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31 da 61. Lambar gidan dole ita ma ta zama ƙi-rabo, saboda dalilin haɗa gidaje rukuni-rukuni da muka gani, amma hakan bai wadatar ba. Gida na 11 ya ba da 2,047, wato 23 sau 89. Na 61 sai a 1883 wani limamin coci a Rasha, Ivan Pervushin, ya tabbatar da shi. Farautar ba ta tsaya ba: a watan Oktoban 2024 aka sanar da ƙi-rabon da ta fi duk waɗanda aka sani kafin ta girma, jimillar allo mai gida 136,279,841, alƙalumanta 41,024,320.

Mu koma kan bakwai ɗin da tumuni ya bari. Maƙwabciyar nan murabba'i ce cikakkiya, 4,294,967,296 sau kanta. Wato da za a ƙara wa tarinmu ƙwaya ɗaya, da an shimfiɗa shi fili mai tsawo da faɗi daidai. Ba ita, ba ya shimfiɗuwa fili ɗaya, wanda ko daga wutsiyar lambar an gani, don murabba'in da ya ƙare da 5 dole ya ƙare da 25, ita kuwa da 15 ta ƙare. Fili biyu ma ba ya yiwuwa, uku ma haka. Masanin lissafi Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa kowace lamba tana haɗuwa daga murabba'i huɗu ko ƙasa da haka, takwaransa Legendre kuma ya fayyace waɗanda uku ba sa isar su, kuma duk lambar da ke barin 7 in an raba ta takwas tana cikinsu. Ita 7 kanta sai 4 da 1 da 1 da 1. Lambarmu, da ƙwaya ɗaya ta hana ta zama murabba'i guda, ta faɗa ajin masu buƙatar huɗu cur.

Wanda ke riƙe da waya a aljihu yana yawo da wannan lamba bai sani ba. Kwamfuta ba ta san alƙaluma goma ba, makunni take da shi, ko a kunne ko a kashe, kuma yawancin wayoyi da kwamfutocin yanzu makunnai 64 suke jerawa su riƙe lamba guda. Makunnan nan su ne gidajen allon. In duka suna kunne, to 18,446,744,073,709,551,615 ke rubuce, iyakar abin da jerin zai ɗauka. A ƙara ɗaya sai komai ya koma sifili, kamar mitar kilomita ta tsohuwar trotro, motar hayarmu ta Gana, da ta cika tara-tara. Tsofaffin na'urori masu makunni 32 suna da irin wannan iyaka a kusa. Da yawansu suna ƙirga lokaci da daƙiƙa tun daga 1 ga Janairun 1970, a gida 31, don guda an ware shi ga alamar ragi. Jimillar gida 31 ita ce 2,147,483,647, wadda Euler ya tabbatar ƙi-rabo ce a 1772, kuma ƙirgar za ta kai can ranar 19 ga Janairun 2038 da ƙarfe 3:14 na dare agogon GMT. Mu a Gana ba sai mun yi lissafin bambancin awa ba, tunda layin da aka ɗora agogon a kansa ta Tema ya ratsa. Kafin kiran assalatu ne.

A gaskiya lambarmu mai saukin kai ce, don siffarta ta tona asirinta: rabin aikin allon ya yi mana, sauran Euler ya ƙarasa da alƙalami. Wahalar tana ga lambar da ba ta da siffa. A ɗauki ƙi-rabo biyu manya a ninka su, aikin ƙiftawar ido ne ga kwamfuta. A miƙa wa wani sakamakon a ce ya faɗi iyayen, nan ake yin ta. A kan wannan bambanci aka gina makullin RSA a 1977, ɗaya daga cikin makullan da ke tsare saƙonnin banki da sauransu a intanet. A 2020 wasu masana sun fasa irin wannan lamba mai alƙaluma 250, da aikin da in ƙwaƙwalwar kwamfuta guda ce za ta yi shi sai ta kwashe kimanin shekara 2,700. Waɗanda aka fi aiki da su yau alƙalumansu 617 ne.

Da na kai nan shayin Kawu ya huce. Ya buga yatsa a kan allon damensu ya ce, "Naku gida 64 ne. Namu fa?" Allon dame na Gana goma ne sau goma, gida ɗari. Jimillarsa 1,267,650,600,228,229,401,496,703,205,375, alƙaluma 31, ta ninka ta shaɗaranji sama da sau biliyan 68. Amma da aka bi asalinta sai ga kakanni goma sha biyu, 3, 5, 11, 31, 41, 101, 251, 601, 1,801, 4,051, 8,101 da 268,501, babbansu ko ƙafar 6,700,417 bai kamo ba. Ba ta ma shiga ajin da kowane kaka ke zuwa sau ɗaya ba, don 5 ta zo sau uku. Wannan kam Kawu ya riga ni gani. Ya sa babban yatsa ya rufe alƙaluman duka ya bar ukun ƙarshe, 375, ya ce ai wannan 125 ce sau uku, ya juya ya ci wa abokin wasansa 'ya'ya biyu.